Bitar Halscope: Gwaji a Kan Hayaniyar Siginar Gudun Sandar Juyi a Injin Sassaƙar Ƙarfe

Matsalar ta fara bayyana ne a kan allo kafin ta bayyana a jikin ƙarfe. Idan na umarci sandar juyi, wadda masu sana'a ke kira sifindil, da ta yi juyi 1000 a minti, lambar da ke nuna gudunta ba ta tsayawa wuri ɗaya, sai ta riƙa kai da kawowa kusa da dubun, wani lokaci kuma ta yi tsalle sama da ɗari ta dawo cikin ƙiftawar ido, alhali kunnena yana jin motar tana tafiya sumul ba tare da wani sauyin sauti ba. Na daɗe ina ɗaukar abin a matsayin aibun nuni kawai, har ranar da na yanka tiredi, wato zaren da noti yake hawa, mai tazarar milimita 2.5 a kan wani sanda, wuƙa ta bi hanyarta daidai sau takwas, a na tara kuma ta shigo a gefe ta tsaga ƙoƙon tiredin gida biyu. Na ɗauki ƙarfen na duba shi a haske, na ga hanya biyu kwance kusa da juna a inda ya kamata a ga ɗaya, daga nan na tabbata cewa injin ba ya samun labarin gaskiya game da inda sandarsa take.

Wannan bita tana magana ne a kan kayan aikin da na yi amfani da shi wajen bin diddigin wannan matsala, wato Halscope, tare da 'yan uwansa da suke zuwa a cikin manhajar LinuxCNC. Manhajar kyauta ce, kuma kowa yana iya duba cikinta ya gyara. Asalinta wani aiki ne mai suna EMC da hukumar ma'auni ta ƙasar Amurka, NIST, ta fara a shekarun 1990, daga baya masu sa kai suka ci gaba da renonta. A cikinta akwai wani sashe da ake kira HAL, inda kowace sigina ta injin take da suna, kamar yadda kowace waya take da lamba a cikin akwatin lantarki, kuma Halscope yana zana duk siginar da aka zaɓa a kan allo bisa tafiyar lokaci. Injina tsoho ne da aka sauya masa ƙwaƙwalwa: motarsa tana samun wuta daga inbata mai sarrafa gudunta, akwai katin lantarki na kamfanin Mesa tsakanin kwamfuta da injin, sannan akwai enkoda, na'urar da ke ƙirga juyi, mai bugu 1024 a kowane juyi, da bel mai haƙora yake juyawa daidai da juyin sanda, ɗaya bisa ɗaya. Da yake ana ƙirga kowane hawa da saukar layukan siginarsa biyu, A da B, juyi ɗaya yana ba da ƙidaya 4096, sai kuma layi na uku, Z, wanda yake bugawa sau ɗaya tak a kowane juyi domin nuna mafari.

Hukuncina a kan Halscope shi ne cewa babbar fa'idarsa ba ta wuce rarrabewa ba. Kalmar hayaniya tana rufe abubuwa da yawa da ba su da dangi da juna, kuma lambar da ke rawa a kan allo ba ta gaya wa mutum ko wanne ne yake damunsa. Da na zana siginar gudun, sai na ga cewa abin da nake ɗauka cuta ɗaya ce ashe cututtuka uku ne a kwance a kan juna, kowacce da siffarta.

Ta farko ba daga waya ta fito ba, daga lissafi ta fito. Zanen ya nuna gudun yana tsalle tsakanin matakai biyu tsayayyu, kamar haƙoran zarto marasa tsini, ɗaya a wajen 996 ɗaya kuma a wajen 1011. Hayaniyar lantarki ba ta da irin wannan tsari. Na koma fayil ɗin saiti da na gada tare da injin, na tarar an ɗauki matsayin sanda an ratsa da shi ta wani ɓangare mai suna ddt, wanda aikinsa shi ne ya debe ƙidayar da ta gabata daga ta yanzu ya raba da lokacin da ke tsakani. LinuxCNC yana yin wannan zagaye sau 1000 a sakan bisa al'ada, wato kowane milisakan ɗaya. A juyi 1000 a minti, ƙidaya 68 da ɗan ɗigo ce take shigowa a kowane milisakan, kuma tun da babu rabin ƙidaya, dole ne zagaye ya ga 68 ko ya ga 69. Bambancin ƙidaya ɗaya tal a milisakan ya yi daidai da juyi 14.6 a minti, wanda shi ne ainihin tazarar matakan da nake gani. Maganin layi ɗaya ne na rubutu: katin yana da nasa fitin gudu, wato mahaɗar HAL da ke fitar da adadin gudu, wanda yake haɗa ƙidaya da ainihin lokacin da bugu na ƙarshe ya iso bisa agogonsa na ciki, don haka ba ya fama da wannan matsala. Da na haɗa shi da spindle.0.speed-in, inda manhajar take karɓar gudun sanda, matakan suka ɓace nan take. Ga wanda yake bin tsofaffin bayanai, yana da kyau ya sani cewa tun daga sigar 2.8 da ta fito a 2020 sunayen fitunan sanda suka koma farawa da spindle.0, a da kuwa da motion suke farawa.

Da matakan suka kau, sai ta biyu ta fito fili, wata igiya mai laushi da ke hawa da sauka a natse. A nan ne na ga amfanin wani zaɓi na Halscope da ake iya cire matsakaicin sigina a bar rawarta kaɗai, domin ba shi yiwuwa a ga rawar juyi biyar a kan dubu idan ma'aunin allo ya ɗauki dubun gaba ɗaya. Na auna tsawon igiyar na samu milisakan 60, wanda shi ne lokacin juyi ɗaya cif a wannan gudu. Na rage gudu zuwa 500, tsawon ya koma 120. Duk abin da yake bin juyin sanda sau da ƙafa haka daga ƙarfe yake fitowa, kuma agogon awo ya tabbatar da cewa fulin da ke kan enkoda ya ɗan kauce daga tsakiya da kimanin milimita 0.15. Na gyara shi, amma ban yaudari kaina ba, domin kuskuren da irin wannan kaucewa ke haifarwa a tiredi bai wuce kashi kaɗan cikin dubu na milimita ba, kuma yana maimaita kansa a wuri ɗaya a kowane juyi, saboda haka ba zai taɓa sa wuƙa ta shiga wata hanya dabam a zagaye na tara ba.

Ta uku ita ce mai laifin, kuma a kanta na ɓata mafi yawan lokaci. Wasu tsinaye ne sirara da suke fitowa ba bisa wani tsari ba, wani sama wani ƙasa, wani lokaci biyu a jere wani lokaci a yi sakan da yawa babu ko ɗaya. Halscope yana da hanyar jira: ana sa masa iyaka, a ce kada ya riƙe hoto sai sigina ta ƙetare ta, kuma ana iya zaɓar ko lokacin ƙetarewar zai zauna a farkon allo ko a tsakiyarsa domin a ga abin da ya faru kafin da bayan. Na sa iyakar a ɗan sama da gudun da na umarta, na sa shi ya ɗauki hoto ɗaya ya tsaya, sai ga tsinin a tsakiyar allo, faɗinsa bai wuce zagaye ɗaya ko biyu ba. Sanda mai ɗauke da maƙamin aiki mai nauyin kilo da yawa ba za ta iya ƙara gudu da kashi goma cikin ɗari ta dawo cikin milisakan biyu ba, ko da wace irin mota ce take jan ta. Ke nan sandar ba ta yi komai ba, labarin da ya iso ne na ƙarya.

Gwaji biyu suka nuna mini tushen ƙaryar, kuma dukansu ba su buƙaci komai ba sai Halscope da ɗan haƙuri. A na farko na saita inbata yadda idan an ce ta tsaya za ta saki motar kawai ta ƙarasa juyinta da kanta, maimakon ta taka mata birki. Na kai gudu dubu, na ba da umarnin tsayawa, na zuba wa zanen ido: a daidai lokacin da inbata ta daina ba da wuta tsinayen suka ɗauke ɗif, alhali sanda tana nan tana juyawa da kusan gudunta na da, layin gudun kuma ya riƙa gangarowa a tsaftace. Boris da bel da enkoda duk suna motsi kamar yadda suke, abu ɗaya kawai aka cire, shi ne kunnawa da kashewar inbata. A gwaji na biyu na yi akasin haka. Na kashe wuta, na cire bel ɗin enkoda, na ɗaure enkodan yadda ba zai motsa ba, na mayar da murfi, sannan na kunna motar. Enkoda da ke tsaye ya kamata ya ba da ƙidaya da ba ta motsi, amma na ga ƙidayar tana ƙaruwa da ɗaya tana raguwa da ɗaya lokaci zuwa lokaci, fitin gudu kuma yana amsawa da tsini a kowane karo.

Akwai wani abu a nan da ya ɗan rikita ni da farko, kuma ina ganin shi ne zuciyar lamarin. Idan ƙidayar tana ƙaruwa da ɗaya ta ragu da ɗaya, ai matsayin bai ɓace ba, to me ya lalata tiredin? Haka tsarin layi biyu yake, yana da juriya ta asali: idan hayaniya ta taɓa layin A shi kaɗai ta sake shi, mai ƙirga yana ganin taki ɗaya gaba da taki ɗaya baya, lissafi ya koma inda yake. Sai an taɓa layukan biyu a lokaci guda ne ƙidaya take salwanta. Na tabbatar da haka ta hanyar yin alama a jikin maƙamin aiki, na karanta fitin rawcounts, wanda bugun mafari ba ya mayar da shi sifiri, na bar injin ya yi gudu na 'yan mintoci, na dawo da alamar wurinta, na raba bambancin da 4096, ragowar kuwa ba ta taka kara ta karya ba. Layin Z shi ne maraya, ba shi da abokin da zai soke masa kuskure. Lokacin yankan tiredi da umarnin G76 ko G33, manhajar tana ɗaga wata tuta mai suna index-enable kafin kowane zagayen yanka, tana jiran bugun Z na farko ya sauke ta, kuma daga wannan lokaci take fara lissafin tafiyar wuƙa. Idan bugun ƙarya ya riga na gaskiya isowa, wuƙa za ta fara daga wata kusurwa dabam, kuma babu wani ƙararrawa da zai kaɗa, domin a wurin manhajar komai ya tafi daidai.

Halscope ba zai iya nuna bugun Z kai tsaye ba, domin a gudun dubu faɗinsa bai kai maikirosakan 60 ba, shi kuwa yana leƙawa ne sau ɗaya a milisakan. Amma tutar ana iya ganinta, tun da idan ta sauka tana zama a sauke. Da enkoda yana ɗaure nesa da wurin mafarinsa, na ɗaga tutar da hannu ta hanyar umarnin sets, na kunna motar, na jira. Ba a yi rabin minti ba ta faɗi da kanta. Na maimaita sau da yawa, wani lokaci ta daɗe wani lokaci ta faɗi da wuri, amma da motar a kashe ba ta taɓa faɗuwa ba. Ban san wani gwaji mai sauƙi da ya kai wannan ƙarfin hujja ba, kuma shi kaɗai ya isa ya sa na yaba wa yadda aka buɗe kowace sigina ta cikin manhajar ga mai injin, a karanta ta ko a taɓa ta yayin da injin yake aiki.

A nan kuma iyakar Halscope ta tsaya, kuma wajibi ne mai niyyar dogaro da shi ya san da ita. Abin da yake nunawa lambobi ne da katin ya riga ya yanke hukunci a kansu, ba ya ganin ƙarfin wutar da ke kan waya. Ya gaya mini cewa ana samun bugun ƙarya, ya gaya mini cewa inbata ce sanadi, amma bai iya gaya mini ta wace ƙofa hayaniyar take shiga ba, ko nawa ne girmanta. Don wannan sai da na ɗauko osiloskof na gaske, na'urar da ke zana ƙarfin wutar da ke kan waya, na ɗora a kan layin Z a bakin katin. Abin da na gani abu biyu ne. Na ɗaya, siginar tana sauka da sauri amma tana hawa a hankali kamar mai hawan tudu, domin enkodan irin wanda yake jan layi zuwa ƙasa ne kawai, ya bar wa resista aikin mayar da shi sama. Waya mai tsawon mita biyar tana riƙe caji gwargwado, kuma idan resistar ta kai om dubu huɗu da ɗari bakwai, hawan yana cin maikirosakan da yawa, layin kuma yana zama a sake, kowace iska ta kaɗa shi. Na biyu, a kan layin akwai tarin girgiza gajeru masu maimaituwa. Na sauke saurin kunnawa da kashewar inbata daga sau 8000 a sakan zuwa 4000, tazarar da ke tsakanin tarin ta ninka, tsayinsu kuwa bai ragu ba, domin tsayin ya dogara ne da saurin da kowane sauyi yake faruwa, ba da yawan sauyin ba.

Dalilin a fili yake ga wanda ya san yadda inbata take aiki. Tana mayar da wutar layi zuwa wuta tsayayya mai sama da volt 300 idan shigarta 230 ce, sannan tana yanka wannan wuta gunduwa-gunduwa tana aika wa motar, kowane yanka yana faruwa cikin ƙasa da maikirosakan ɗaya. Irin wannan sauyi mai kaifi yana tsallaka rufin waya ya shiga duk ƙarfen da ke kusa, yana neman hanyar komawa inbata, kuma idan ba a shimfiɗa masa gajeriyar hanya ba zai bi jikin injin, ya bi wayar enkoda, ya bi duk abin da ya samu. A injina wayar enkoda da wayar motar suna kwance a bututu ɗaya na tsawon fiye da mita biyu, wayar motar ba ta da sulke, wato rufin ƙarfe mai tare hayaniya, sulken wayar enkoda kuma an murɗe shi ya zama doguwar jela kafin a ɗaure shi da ƙasa, wanda hakan yana rage masa amfani sosai a kan girgiza mai sauri. Zan ƙara da gargaɗi, domin wannan aiki ne a cikin akwatin da yake kisa: inbata tana riƙe caji na mintoci bayan an yanke mata wuta, kuma maƙalin ƙasa na osiloskof a haɗe yake da wayar ƙasa ta gini, don haka ba a ɗora shi a ko'ina a ɓangaren wutar motar.

Kafin na kai ga gyara, akwai wata gajeriyar hanya da manhajar take miƙa wa mutum, kuma ina ganin ya kamata a yi magana a kanta da gaske. Akwai ɓangare mai suna lowpass da yake lallashin sigina, a kowane zagaye yana matsawa da ɗan kaso kaɗan zuwa ga sabon adadi. Idan aka sa kason a 0.01, siginar tana ɗaukar kimanin kashi ɗaya bisa goma na sakan kafin ta cim ma yawancin sauyi, tsinayen kuma suna narkewa, lambar allo ta tsaya cak. Na gwada shi, na zana siginar asali da tatacciya a tare, kuma Halscope ya nuna mini a fili abin da na samu da abin da na biya: layi mai kyan gani, amma mai zuwa a makare. Ga lambar da ido yake kallo wannan ba laifi ba ne, haka ma ga ɓangaren near da yake tantance ko sanda ta kai gudun da aka umarta kafin a bar wuƙa ta shiga aiki. Amma tiredi da matsayin sanda da bugun mafari yake aiki, ba da gudu ba, kuma matacin bai taɓa su ba ko kaɗan. Da na tsaya a nan, da na kashe alamar da ke faɗakar da ni na bar cutar tana ci. Wanda kuma yake amfani da siginar wajen daidaita gudun motar a zagaye rufaffe, inda manhajar take gyara gudun bisa abin da siginar ta gaya mata, zai tarar cewa jinkirin matacin yana iya sa gudun ya riƙa lilo.

Gyaran da na yi na bi shi ɗaya bayan ɗaya, ina maimaita gwajin tuta bayan kowane mataki, domin in san abin da ya yi aiki. Raba wayoyin biyu shi ne na farko, na fitar da wayar enkoda daga bututun na ba ta hanyarta, inda dole su haɗu kuma na sa ta gitta wayar motar a miƙe maimakon ta bi ta a kwance. Wannan kaɗai ya tsawaita rayuwar tutar daga sakanni zuwa mintoci. Sai na sauya wayar motar da mai sulke, na kama sulken da maƙali mai zagaye shi gaba ɗaya a jikin motar da kuma wajen inbata, tare da wayar ƙasa da ta tafi kai tsaye daga motar zuwa inbata. Na ratsa wayoyin motar uku tare ta cikin zoben ferit mai danne girgiza mai sauri, ban haɗa da wayar ƙasa ba. Mataki mafi tasiri shi ne sauya enkodan da wanda yake aika kowace sigina a waya biyu masu kishiyantar juna bisa ƙa'idar RS-422, kowane layi da abokinsa a murɗe tare. Hayaniyar da ta faɗa wa ɗaya tana faɗa wa ɗayan daidai wa daida, mai karɓa kuma bambancin da ke tsakaninsu kawai yake karantawa, sai ta soke kanta. Dole ne a tuna a sauya saitin shigar katin zuwa wannan tsari, kuma a tabbata kowane layi da nasa abokin aka murɗe shi, domin idan aka haɗa A da B a murɗi ɗaya an zubar da ribar.

Daga ƙarshe na duba matacin da ke cikin katin kansa, wanda ya bambanta da lowpass domin shi a kan bugun yake aiki kafin a ƙirga shi. Idan yana kunne, sai sigina ta zauna a sabon matsayi na tsawon bugun agogo 15 kafin a yarda da ita, idan yana kashe kuwa 3 sun isa, kuma ana iya rage saurin agogon domin a tsawaita wannan jira. Lissafin iyakarsa ba shi da wuya: a gudun 2500, mafi girma da injina yake kaiwa, kowane layi yana bugawa sau 42,667 a sakan, kuma idan bugun mafari mai faɗin ƙidaya ɗaya ne bai kai maikirosakan 6 ba. Na tsayar da jiran a maikirosakan 3, wanda yake watsar da gajerun girgiza ba tare da ya haɗiye bugun gaskiya ba. Saitin agogon ya shafi duk enkodojin da ke kan katin, don haka mai injin da sauran sassansa masu motsi ke amfani da enkoda masu sauri ya yi lissafi da mafi saurinsu.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba a Halscope. Fuskarsa ta tsufa, kuma daidaita ma'aunin kowane layi yana buƙatar a zaɓe shi shi kaɗai a ja sandar girma da ta matsayi, abin da yake gajiyarwa idan layuka sun kai biyar ko shida. Ma'ajiyarsa ƙarama ce: samfuri 16,000 ne bisa al'ada, ana raba su tsakanin layukan, ta yadda layi huɗu suke samun sakan huɗu kacal a cikakken sauri. Ana iya tsawaita lokacin ta hanyar tsallake zagaye, amma tsinin da faɗinsa milisakan ɗaya ne yana iya faɗawa daidai cikin abin da aka tsallake. Don farautar abin da ke faruwa sau ɗaya a minti goma, sai na koma ga sampler da halsampler, waɗanda suke rubuta kowane zagaye cikin fayil, na bincika daga baya. Haka kuma duk awon tsawon igiya da ido da lissafin kai na yi shi. Sannan kayan aikin ba ya koyar da kowa komai, yana ɗauka cewa mai amfani ya san sunan siginar da yake nema a cikin ɗaruruwan sunaye, kuma ya san tambayar da yake son yi mata.

Duk da haka ina ba da shawararsa ba tare da jinkiri ba ga duk wanda injinsa yake tafiya da LinuxCNC, musamman kafin ya sayi wani sabon abu. Da na bi zato, da na fara da sauya boris ko inbata, waɗanda ba su da laifi, ko kuma na sauya enkoda na mayar da sabuwar wayarsa cikin bututun da ya lalata ta farko. Wanda yake da osiloskof zai ƙarasa binciken da sauri, amma kashi mafi girma na aikin, wato gane cewa matsala uku ce kuma wacce ce take ɓata tiredi, an yi shi ne da abin da ya riga ya zo cikin manhajar.

Bayan an gama komai na sake ɗaure enkodan, na ɗaga tutar, na bar motar tana gudu a matakai dabam-dabam na tsawon awa ɗaya, tutar ba ta sauka ba, ƙidayar kuma ba ta motsa ko da ɗaya ba. Na mayar da bel, na yanka tiredi goma sha biyu masu tazarar milimita 2.5 a jere, noti ya hau kowannensu da hannu har ƙarshe. Na ajiye saitin Halscope mai layi huɗu, gudun asali da tatacce da tutar mafari da alamar kaiwa gudu, kuma ina buɗe shi duk lokacin da aka taɓa wata waya a cikin akwatin.